Manomi Da Rufin Ɗaki: Jinka, Soro Ko Kwano?

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. To, duk maigidan da ya kwana yana jan tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan a daminar da ta wuce, uwargida kuma tana jera ƙore da tasoshi a tsakar ɗaki don tarar ruwa, ba sai an gaya masa rufinsa ya gaji ba. Abin da ya rage masa shi ne ya san abin da zai ɗora a madadinsa. Lokacin yin wannan shawara kuwa shi ne sa'ad da amfanin gona ya shigo gida, ciyawa ta ƙosa a daji, magina da kafintoci suna kusa, kuma da sauran watanni kafin hadarin farkon damina ya taso daga gabas.

Galibin manoma in an tambaye su abin da su ke so, kwano za su ce. Ba a ga laifinsu ba. Kwano ya hutar da mutum yaɓe da baibaya, ba ya kama wuta, ga shi kuma ya zama abin ado, har iyayen amarya su kan tambaya ko ɗakin da za a kai 'yarsu na kwano ne. Amma fa kowane rufi da abin da ke kashe shi. Wuta ce ajalin jinka, ruwa ne ajalin soro, kwano kuwa iska ce ke gamawa da shi. Saboda haka kafin mutum ya kwance bakin jaka ya kamata ya dubi ƙarfin bangon da zai ɗauki rufin, da yawan ruwan da a ke yi a ƙasarsu, da kuma abin da zai kwana a ɗakin, mutum ne, ko iri, ko dabba.

Soro shi ya fi daɗin kwana in yana da lafiya, shi kuma ya fi haɗari in ya lalace. Ƙasa mai kauri ba ta barin zafi ya ratsa ta da sauri. Kafin zafin rana ya iso ciki, ranar ta faɗi. Da hunturu kuma ta riƙe ɗumi. Shi ya sa a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce awo 40 a Sakkwato da Maiduguri, mai soro ya kan yi ƙailula a ɗakinsa, mai kwano kuwa sai gindin bishiya.

Sai dai soro rufin ƙasar ƙarancin ruwa ne. A Damagaram ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 da 'yan kai ba. A Kano ya kan kai 800 zuwa 900, a Zariya kuwa ya haura 1,000. Magina na dā sun san wannan, domin a Zariya su kan ɗaga tsakiyar rufi su yi masa tulluwa don ruwa ya gangare da sauri, in kuma an ƙara yin kudu sai a tarar jinka ce ta fi yawa. Wanda ya ke zaune inda ruwa ke da yawa, in ya ce sai shimfiɗaɗɗen soro irin na Damagaram, ya ɗauko wa kansa aiki.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne nauyi. Ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4, in kaurin ƙasar rufinsa ya kai santimita 15, to akwai ƙasa wajen tan 3 bisa kan masu barci, watau nauyin buhu 30 na hatsi. In ta sha ruwa ta ƙara nauyi. Har wa yau kowace shekara a kan ƙara yaɓe a kan na bara ba tare da an kankare tsohon ba, kauri yana ƙaruwa, azara kuwa tana tsufa. Ran da aka yi ruwan kwana biyu ba ƙaƙƙautawa, sai a ji labari marar daɗi. Dattawan Kano ba su manta da watan Agusta na 1988 ba, lokacin da aka yi ruwan da ya fasa madatsar Bagauda, gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa suka rushe a birni da ƙauyuka. Soro kuwa sau da yawa ya kan yi gargaɗi kafin ya faɗi. In azara ta fara lanƙwasa a tsakiya, ko gari yana zubowa daga inda ta shiga bango, ko an ga wani wuri ya yi danshi ya ƙi bushewa, a kwashe yara daga ɗakin. Maigida ya sa tsinin wuƙa ya soki azara a bakin bango. In wuƙar ta shige ba wuya, gara ko ruɓa ta riga ta cinye ta.

Wanda ya yanke shawarar sake soro, azara ce babbar maganarsa. Ta ƙwarai ita ce wadda aka faso daga ƙosasshen namijin giginya, daga gefen nan baƙi mai tauri, domin gara ba ta cika iya masa ba. Farin tsakiyar itacen ba shi da ƙarko. Azara ɗaya ba ta ɗaukar ƙasa a tazarar da ta wuce kamar ƙafa 6 in babu abin da ya tokare ta. Wannan ne ya sa magina ke gitta waɗansu a kusurwoyi, ko su turo su daga bango hawa-hawa, ko su ɗaura baka in ɗakin babba ne. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1830 da 'yan kai, da ƙasa da azara aka ɗaura bakansa, kuma ya daɗe a tsaye a cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi. Amma giginya ta yi wuya. Ana sara ba a shukawa, 'ya'yan da za su tsiro kuma an mai da su muruci an cinye. Sai mutane suka koma sa ɗanyun sanduna waɗanda ba su ƙosa ba, su ɗora musu ƙasa irin wadda a ke ɗora wa azara. Wannan ganganci ne. In azarar kirki ba ta samu ba, a rage faɗin ɗakin, ko a bar maganar soro.

In ta samu, a shimfiɗa zana ko asabari a kanta, a zuba ƙasar fari, a shimfiɗa leda mai kauri, sa'an nan a rufe da ƙasar ƙarshe. Ledar nan ta taimaki mutane ƙwarai, muddin an rufe ta rana ba ta ganinta. A karkata rufin wajen indararo, indararon kuma ya zarce bango da kamar ƙafa 2, a liƙe gindinsa sosai, gama daga nan yawancin ɓarna ke farawa. Magabata su kan shafe rufi da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ko su yi amfani da makuba ta ɓawon ɗorawa. Yanzu waɗansu siminti su ke shafawa a kan ƙasa. Siminti da ƙasa kuwa ba su cika jituwa ba: ya kan tsage, ruwa ya bi tsagar ya shiga, ya rasa hanyar fita.

Akwai kuma wata dabara da ta shigo Nijar tun 1980, ta rufa ɗaki da tubalin ƙasa zalla ba itace ko ɗaya, a yi shi kamar baka ko tulluwa, irin ginin mutanen Nubiya na bakin kogin Nilu. A shekarar 2000 aka kafa wata ƙungiya a Burkina Faso don koya wa magina irin wannan aiki. Faɗin ɗakin ba ya wuce mita 3 da kaɗan, bangon kuma sai mai kauri. Rufi ne mai kyau a inda ruwa bai yi yawa ba, amma sai da maginin da ya koya a hannun gwani. Kada wani ya gani a hoto ya ce zai gwada a kan iyalinsa.

Jinka kuwa an raina ta fiye da kima. Ba ta da nauyi, kowane bango na iya ɗaukarta, tana da sanyi, iska na ratsa ta, in kuma ta faɗo ba ta kashe kowa. Sirrinta a tsaiko ya ke. In tsaiko ya miƙe sosai, watau tsayinsa daga kan bango zuwa tsororuwa ya kai rabin faɗin ɗakin ko ya fi, ruwa ba ya samun wurin zama. In ya kwanta, ciyawa ta jiƙe ta ruɓe cikin damina biyu. A yanki shuci ko tofa bayan sun bushe, kafin masu cinna wa daji wuta su riga mutum, a kakkaɓe, a yi yanta mai kauri, a fara baibaya daga ƙasa zuwa sama kowane layi yana rufe na ƙarƙashinsa. Jinkar da aka yi haka ta kan yi shekara uku zuwa biyar. Bunun da aka sauke kuma taki ne, a kai shi gona ko a zuba a turke.

Aibinta biyu ne. Na fari wuta, musamman da hunturu, lokacin da iska ke kaɗawa kuma a ke kwana da garwashi a ɗaki. Ɗaki ɗaya in ya kama, unguwa ce ta kama, har da rumbuna. Na biyu, ciyawar kanta ta zama ta saye, tun da saurukan da a ke yankanta an nome su. Duk da haka akwai ɗakunan da babu abin da ya fi musu jinka. Manoman albasa na Aliero da na Galmi sun daɗe da sanin albasa tana son inuwa da iska, shi ya sa su ke ajiye ta a rudu mai rufin ciyawa. Haka irin shuka: gyaɗa ko wake da aka ajiye ƙarƙashin kwano mai zafi tun daga kaka har bazara, ba duka za su tsiro ba. Akurkin kaji da garken awaki ma sun fi lafiya da jinka. Sai dai a nisanta su da murhu.

To, sai kwano. A Ingila aka ƙago shi a 1829, bai kuwa yawaita a Arewa ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ƙarfe ne da aka tsoma a ruwan wani farin ƙarfe mai suna tutiya, wanda ke hana shi tsatsa. Ranar da tutiyar ta ƙare, ranar tsatsa ke kama aiki. A kasuwa da bandir a ke sayarwa, falle 20 a bandir, kuma nan ne a ke yi wa manomi sakiyar da ba ruwa, domin duk bandir ƙyalli ɗaya su ke yi, sai mutum ya yi wa rogo ganin kitse. Kauri shi ne magana. In da geji a ke faɗa, a sani lamba mai yawa ita ce marar kauri: geji 28 ya fi geji 32 kauri nesa. In da milimita ne, wanda bai kai 0.20 ba fallen takarda ne. Mai saye ya ɗaga bandir biyu ya gwada nauyinsu, ya kama bakin falle ya lanƙwasa da yatsu. Wanda ya lanƙwashe kamar gwangwanin madara, ƙusa za ta yage shi a iskar fari. Araha ba ta ado.

Na alminiyam, dogon nan da a ke yanko wa mutum daidai tsawon ɗakinsa, ba ya tsatsa, kuma da ya ke ba shi da gami a tsakiya bai cika yoyo ba. An fi samun mai kaurin 0.45 da 0.55. Ya fi tsada, yana da laushi, kuma ba ya shiri da ƙusar baƙin ƙarfe, don wurin da suka haɗu ya kan ci ya zama rami. Sai a nemi ƙusar da aka yi dominsa.

Amma ko an sayi kwano mafi kauri a kasuwa, rabin aiki aka yi. Soro danna bango ya ke yi ƙasa, kwano kuwa sama ya ke son tashi. Falle ba shi da nauyin kirki. Sa'ad da iskar hadari ta bi ta kansa sai ta tsotse shi daga sama, in kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ta tura shi daga ƙasa. Daga kusurwa da baki ta ke farawa, in ta ɗaga falle ɗaya sauran sun zama nata. Kowace shekara a watan Mayu da Yuni a kan ga rufin makaranta ko na gida kwance a gonar wani, da katakonsa duka. Wannan yana nuna ƙusa ta riƙe, abin da ya ɓace shi ne ɗaurin katako da bango. Ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan rufi ba ɗauri ba ne.

Ga yadda ya kamata a yi. Katakon da ke kwance a kan bango a ɗaure shi da langa-langa ko waya mai kauri, wadda aka binne cikin bangon ƙasa da kamar ƙafa 2, a kowace kusurwa da kuma kowace ƙafa 4. In bangon na ƙasa ne kuma ya tsufa, a sauke samansa a sake ɗora sabo tare da wayar. Katako ya zama busasshe, a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a hau da shi, har da bakin da aka yanka. Katakan da a ke kafa kwano a kansu kada tazararsu ta wuce ƙafa 3. Ƙusa mai hula a ke so, a kafa ta a kan tudun kwano. In aka kafa a kwarinsa, an buɗe wa ruwa hanya. A baki da kusurwa da tsororuwa a kafa ƙusa a kowane tudu, kada a yi mata rowa. Falle na sama ya hau na ƙasa da inci 6, a gefe kuma tudu ɗaya da rabi, bakin gamin yana ba gabas baya. Kafinta ya kan so ya rage wannan don bandir ya isa. Maigida ya tsaya a wurin.

Wanda ya sauke soro ya sa kwano ya tuna da bangonsa. Ruwan da dā indararo ke jefarwa nesa, yanzu zai zubo ta duk tsawon bakin kwano. In bakin bai zarce bango da ƙafa 2 ba, ruwan zai riƙa cin gindin ginin har ya kwantar da shi.

Zafi shi ne babban kukan masu kwano. Da tsakar rana a bazara falle ya kan wuce awo 60. Maganinsa silin, ko na katako, ko na roba, ko ma zana ko tabarmar kaba da aka ɗaure sosai, tare da ɗaga bango da barin 'yar kafa a sama mai raga inda iska mai zafi za ta fita. Silin na da wani amfani kuma. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi shigowa ta tsakanin bango da rufi. Wani bincike da aka yi a ƙasar Gambiya, aka buga a 2009, ya nuna gidajen da aka yi wa silin na raga, ko aka toshe wannan kafa aka sa raga a ƙofa da taga, sauron cikinsu ya ragu da wajen rabi. A birane kamar Kano waɗansu sun sami wata hanya: su bar soron yadda ya ke in azararsa na da lafiya, su ɗora kwano a bisansa. Kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi. Ga mai hali, da wuya a sami abin da ya fi wannan.

Kada a ajiye takin zamani a buɗe ƙarƙashin kwano, kada kuma a rufa turken dabbobi da shi ba iska, domin tururin taki da na fitsari suna cin tutiya. Hayaƙin murhu ma haka.

Wata ribar kwano da a ke bari tana zubewa ita ce ruwa. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan faɗin mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai mita 4 da mita 5, a ƙasar da a ke samun milimita 800, ruwan da ke sauka a kansa a shekara lita 16,000 ne, watau duro 80. Ko rabi aka tara, ya hutar da yara zuwa rijiya a lokacin da a ke bukatarsu a gona. A bar ruwan fari ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, a rufe duron saboda sauro.

Akwai gargaɗi ga wanda zai sauke tsohon rufi ko silin na asbesto, irin toka-tokan nan mai kama da siminti da aka yi yayi a dā. Ƙurarsa in ta shiga huhu tana kawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Ingila ta hana amfani da shi a 1999, ƙasashen Tarayyar Turai kuma a 2005. A jiƙa shi da ruwa, a sauke falle-falle ba tare da an fasa ko an yanka ba, mai aikin ya rufe hanci da baki, a binne shi nesa da gida. Kada a ba yara guntayen su yi wasa, kada a yi wa kaji akurki da su.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi kayar da manomi. Da kaka hatsi ya fi araha, da kaka kuma sha'awar kwano ke tashi. Mutum ya buɗe rumbu ya sayar da gero da dawa, a watan Agusta ya koma kasuwa yana sayen mudu da tsada, yana zaune ƙarƙashin sabon rufi da yunwa. In za a saya, a saya da kuɗin gyaɗa, ko riɗi, ko waken suya, ko ragon da aka kiwata. Kuma a yi lissafin katako da ƙusa da langa-langa da silin da ladan kafinta tun farko, gama su kan kai kuɗin kwanon ko su fi. In kuɗin ɗaki ɗaya ne, a yi ɗaya da kwano mai kauri, a fara da wanda mata da yara ke kwana, sauran a yi musu yaɓe ko baibaya su jira baɗi.

Ko wane iri aka zaɓa, a gama kafin ƙarshen Afrilu. A share kan soro, a tumɓuke ciyawar da ta tsiro, a buɗe bakin indararo. Mai kwano kuma ya riƙe wani abu daga ladan kafinta. Ran da aka yi ruwan fari ya shiga ɗakin da fitila, ya sa alama da gawayi duk inda ya ga ɗigo, kafinta ya dawo ya gyara, sa'an nan a cika masa kuɗinsa.